Bokitan Kawu

Ni ne mai gyaran famfo a otal ɗinmu, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma tun yanzu zan faɗa, ba na ƙaunar taro. Duk ranar da aka ce ma'aikata su hallara a ɗakin taro, to wani zai sha faɗa, kuma sau da yawa ni ne. Shi ya sa ranar Litinin ɗin nan na zaɓi kujerar can baya kusa da ƙofa, na zauna gefen Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne mai kula da lambun otal ɗin tun kafin a yi bene na biyu. Shi ya riƙo hannuna ya kawo ni wurin nan lokacin da nake yawon neman aiki da sifana ɗaya a aljihu. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma ashirin daga bakinsa ba, kuma yana da wani hali da duk danginmu suka sani: ba ya roƙon abu sau biyu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu. Lambun nan shi ne abokin hirarsa. Bishiyar lemun tsami uku, gwaiba biyu, layin furanni daga bakin ƙofa har wurin ajiye motoci, da 'yar ciyawa inda baƙi suke ɗaukar hoto.

Manaja ta shigo da wata baƙuwa, siririyar mace mai tabarau, ta ce daga ofishin hasashen yanayi take. Muka ce mata Malama. Na ɗauka za ta cika mu da turanci, sai ga shi ta yi magana yadda kowa zai gane, har na ji haushin da na shigo da shi ya ragu.

Ta ce ba wai ruwan sama ya ƙare ba ne. Yana zuwa, amma ya sauya hali. Abin da a dā yake sauka a hankali cikin kwana talatin, yanzu sai ya zubo cikin kwana goma, ya cika kwata, ya wuce, ƙasa ba ta samu ta sha ba. Ga ranakun zafi suna ƙaruwa. Ta nuna mana wani zane na rijiyar burtsatsenmu, layi yana gangarowa shekara bayan shekara. Mai dafa abinci ya tambaye ta ko bana damina za ta yi jinkiri. Ta ce ba ta san gaibu ba, amma in aka ce ta zaɓa, bakwai cikin goma za ta yi jinkiri. Wannan amsar ta burge ni, don ni ma haka nake amsa wa mutane a kan tsohon bututu.

Daga nan Manaja ta karɓa. Mace ce mai adalci, ba zan ci amanarta ba, amma in ta riƙe takarda a hannu, to magana ta ƙare. Ta ce dole otal ya rage shan ruwa da kashi ɗaya cikin huɗu kafin rani mai zuwa, in ba haka ba wata rana baƙo zai murɗa famfo ya ji iska. Ta ce an auna faɗin lambu, an yi lissafi, ya kamata a ce shi kaɗai yana shan kashi ɗaya cikin biyar. Don haka za a rufe ruwan lambu na mako guda a duba mita. In lissafin ya tabbata, za a dabe wurin da siminti a ƙara wa motoci fili, Kawu kuma ya huta a ƙarshen wata.

Na juya na kalli Kawu. Hularsa yake gyarawa kawai, kamar da wani ake. Ni kuwa na san in aka raba tsohon nan da lambun, ba zai yi shekara ba.

Da za mu fita Manaja ta tsayar da ni.

"Kai za ka rufe, yau ɗin nan. Na san kawunka ne. Kada ka yi min wasa da mita, ka ji ko?"

"Ranki ya daɗe, ni da wasa?"

"Kai ɗin fa. In na ga lambar ba ta sauka ba, na san ka bar masa a buɗe ne, kuma simintin za a zuba duk da haka."

Na ɗauki mabuɗi na nufi bayan ɗakin injin ruwa ina ta ƙunƙuni. Akwai wani rami can mai murfin ƙarfe da kwaɗo, a cikinsa bawul ɗin lambu yake, wato makullin da ke tsayar da ruwan ɓangaren gaba ɗaya. Ni kaɗai nake da mabuɗin. Na sha wuya kafin kwaɗon ya buɗe, na ɗaga murfin, gizo-gizo ya yi gida har hawa biyu. Na sa hannu zan murɗa, abu ya ƙi motsi. Na haska da waya. A rufe yake ruf, tsatsa ta cinye shi, kuma a wuyansa ga shuɗiyar waya an murɗe ta sau uku an lanƙwasa bakinta.

Nan na zauna a ƙasa daɓas.

Ni ba na rubuta aiki a littafi. Abin da nake yi, in na rufe wani abu da niyyar dawowa in gyara, sai in ɗaura masa shuɗiyar waya, in na sake gani in tuna. Dabara ce mai kyau matuƙar abin yana inda ido zai gan shi. Wannan kuwa na ɗaura, na mayar da murfi, na sa kwaɗo.

Sai komai ya dawo min. Shekara biyu da suka wuce bututun lambu ya fashe a ƙarƙashin wurin ajiye motoci. Na rufe bawul, na ce wa manajan wancan lokacin an gyara, don a raina aikin kwana ɗaya ne, gobe zan haƙa. Washegari matata ta haifi tagwaye, aka riƙe ta a asibiti. Na tuna Kawu ya same ni a bakin ƙofa cikin satin, ya ce, "Ɗan nan, ruwa bai zo ba." Ni kuma kaina ya yi zafi, na ce, "Haba Kawu, gobe dai." Bayan kwana kaɗan damina ta sauka, ba wanda ya nemi famfo. Shi bai sake magana ba, ni kuma lambu kullum kore shar, me zai tuna min?

To da me yake ba shi ruwa?

Ban tambaye shi ba, kunya ba ta bar ni ba. Da na koma gida da yamma na kasa cin abinci, uwar tagwaye ta sa ni a gaba sai da na faɗa mata. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Shekara biyu? Kai da kake min faɗa in na bar famfo yana ɗiga?"

"Ba wannan na tambaye ki ba. Ya zan yi?"

"Ka san yadda za ka yi, so kake in ce maka akwai wata hanya. Babu. Ci abincinka."

Washegari na yi sammako. Ni ƙarfe takwas nake zuwa aiki, Kawu kuwa tun gari bai gama wayewa ba yake shigowa, shi ya sa ban taɓa ganin aikinsa na safe ba. Na laɓe bayan ɗakin janareta ina kallo.

Ya fito da baro, a cikinsa jarkoki huɗu. Ya bi bayan ginin, inda bututun na'urar sanyaya kowane ɗaki, wato esi, yake sauko da ruwan da yake ɗiga. A ƙarƙashin kowanne akwai bokiti ko tsohon gwangwanin fenti. Na sha ganinsu, na sha tsallake su, na ɗauka masu shara ne suka ajiye don kada bango ya yi gansakuka. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaga su, ya leƙa ciki tukuna kamar mai duba jariri, sannan ya juye a jarka. Na bene kuwa, waɗanda bututunsu bai sauko ba, sai ya hau matakala da sanda a kafaɗa, bokiti biyu a rataye, ya sauko da su a hankali. Na ƙirga, sau shida ya hau.

Daga nan ya nufi ɗakin wanki. Shugabar masu wanki, wadda muke kira Iya, ta riga ta jera masa manyan robobi a bakin ƙofa. Ta hango ni kafin in ɓuya.

"A'a, yau wace rana, Injiniya da sassafe? Ko an kore ka daga gida ne?"

"Iya, wannan ruwan na mene ne?"

"Ɗaurayar ƙarshe ta zanin gado mana. Ta farko da ta biyu akwai sabulu, ya ce tana ƙona masa saiwa, ta ukun yake so. Masu kicin ma suna tara masa na wankin kayan lambu. Kai ba ka sani ba?" Ta kama haɓa. "Ai mu mun ɗauka ofis ne suka yanke masa ruwa."

Kawu ya ɗago ya gan ni. Ya miƙo min jarka ɗaya. Na ɗauka na bi shi.

Ashe ba watsa ruwan yake yi ba. A gindin kowace bishiya ya binne gorar roba da ya huhhuda, bakinta kaɗai ke waje, a ciki yake ɗurawa, ruwan ya riƙa tsattsafowa a ƙasa inda rana ba ta kai. Ya rufe gindin furanni da busasshen ganye mai kauri. Ciyawar hoton ma ya sauya ta da wata mai jure ƙishi, ba wanda ya lura. Muka gama kafin rana ta yi zafi, rigata ta jiƙe sharkaf, bayana kamar an doke ni da taɓarya. Shi ko nishi bai yi ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji alfahari da shi, duka a lokaci ɗaya.

Kwana biyu ina juya maganar. In na yi shiru, mita ba za ta sauka ba, Manaja ta ce na yi mata wasa, a zuba siminti. In na faɗa, na tona wa kaina asiri ke nan: na yi ƙaryar gyara, na bar tsoho da ɗaukar ruwa, sannan tambaya ta gaba a kaina za ta faɗo, wato in lambu ba ya sha, ina ruwan yake tafiya? Har na yi tunanin in rufe ruwan wani ɓangare a ɓoye, amma hakan zai sa lambar ta sauka, ya zama na taimaka an tabbatar da laifin lambu. Ko ta ina na bi, maganar uwar tagwaye nake tararwa.

Ranar Alhamis Malama ta dawo auna zurfin ruwan rijiya, Manaja na tsaye a kanta. Na je na tsaya har suka gama naɗe igiyar awon.

"Ranki ya daɗe, akwai abin da nake so ki gani da idonki."

Na kai su bakin ramin, na ɗaga murfi, na haska. Na faɗi komai, ban rage ba, har da abin da na ce wa tsohon manaja.

Manaja ta daɗe tana kallon tsatsar nan. Ta sunkuya da kanta ta gwada murɗawa, hannunta ya yi ja.

"Kana nufin lambun nan bai sha ɗigon ruwan rijiya ba shekara biyu?"

"Ko cokali ɗaya."

"Kuma kai ne ka jawo."

"Ni ne."

Abin da ta faɗa min bayan nan ba zan maimaita ba, amma duk na cancanta. Ta ce in same ta a ofis in karɓi takardar gargaɗi, kuma tana so kafin Litinin in nemo mata inda kashi ɗaya cikin biyar ɗinta yake zurarewa. Malama kuwa tuni ta bar mu, tana can bayan gini ta tsuguna gaban wani gwangwanin fenti, Kawu na tsaye a kanta.

Muka ƙarasa muka same su. Tana tambayarsa ko ruwan esin yana isarsa. Ya ce a tsakiyar rani ba ya taɓuka komai, da ƙyar yake rufe gindin bokiti, lokacin da ruwan Iya yake dogara. Amma in damina ta kusa, sai bokitan su fara cika tun kafin a ga hadari.

"Makon jiya ɗaki na goma sha biyu rabi yake ba ni," in ji shi. "Yau ya kusa baki. Iska ta fara nauyi."

Malama ta cire tabarau tana dariya. Ta ce wa Manaja abin da tsohon nan yake aunawa da bokiti, laimar iska ke nan, su ma ita suke aunawa da na'ura a ofis, don esi ba ya ƙirƙirar ruwa, daga iskar ɗaki yake tatso shi. Ta roƙe shi ya riƙa gaya mata yadda bokitin ɗaki na goma sha biyu yake kowace safiya. Kawu ya ce ba shi da waya mai rubutu. Ta ce za ta kira. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana da wani kamar ranar ba, har da nuni da hannu.

Kwana uku na yi ina bin ɗakuna arba'in da biyu da kunnena. Tankunan bayan gida goma sha ɗaya na samu suna zurar da ruwa shiru, irin zurarar da ba ka ji sai ka kara kunne. Babban tankin sama kuma ƙwallon da ke tsayar da shi in ya cika ya lalace, yana ambaliya ta bututun da ke sauka kai tsaye cikin kwata. Duk aikina ne, duk ni ya kamata in gani. Na gyara su, na sayi littafi mai bango ja, na fara rubuta aiki kamar kowane mai hankali. Da aka duba mita mako na gaba, Manaja ta kalli lambar, ta kalle ni, ta ce, "Ka ga abin da kake iyawa in an tsorata ka." A wurinta yabo ke nan, na karɓa da hannu biyu.

Ba a zuba siminti ba. Ta ce bawul ɗin ya zauna a rufe yadda yake, amma tsoho ba zai ƙara hawa bene da sanda ba. Na haɗa bututun esin duka, sama da ƙasa, suka gangaro cikin tanki ɗaya a gefen lambu. Na ja wani bututun daga ɗakin wanki, na sa masa makunni a inda Iya za ta murɗa in an zo ɗaurayar ƙarshe. Na ƙara da indararo daga rufin ɗakin taro, don Malama ta ce ruwan da ke zubowa da yawa lokaci ɗaya, in ba ka tare shi ba, ka yi asararsa. Sati biyu aikin ya ɗauke ni, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Kawu ya hana ni haɗa ɗaki na goma sha biyu, ya ce wannan na Malama ne.

Ranar da na gama, da la'asar, muna zaune a gindin lemun tsami muna shan shayin da Iya ta aiko. Tankin yana ɗiga a hankali a bayanmu. Na daɗe ina tauna tambayar kafin ta fito.

"Kawu, me ya sa ba ka sake yi min magana ba?"

"Na yi maka."

"Sau ɗaya. To da ka ga ban yi ba, ai sai ka je ofis."

Ya hura shayinsa. "In je in ce me? Ina tsaye a wurin lokacin da ka ce wa mutumin nan ka gyara. Shi kuma ka san shi, a kan abin da bai kai wannan ba ya kori mai gadi. Ranar da na yi maka magana, 'ya'yanka kwanansu shida a duniya."

Duk tsawon lokacin nan na ɗauka taurin kansa ne kawai.

"Bayan ya tafi fa? Ai an sauya manaja."

"Lokacin na riga na saba. Kuma bishiyoyin sun fi son haka." Ya ajiye kofi ya miƙe, ya ɗauko almakashin askin bishiya daga baro. Ya ɗaga kai yana duban wani busasshen reshe a saman lemun, ya ɗaga hannun dama, hannun ya tsaya daidai kafaɗa, ya ƙi wucewa. Ya sake gwadawa, ya sauke. Sai ya miƙo min almakashin.

"Hau ka cire min wancan. Tun bara hannun nan ba ya kaiwa sama."

Na karɓa na taka baro na hau, idona ya cika, ban ga reshen sosai ba. Na sa almakashi.

"Ba nan ba, ɗan nan," in ji shi daga ƙasa. "Matsa kusa da gaɓa. Za ka ɓata min bishiya."